Sefar da Na Yi Wa Banda

Shekaru sun sa na manta abubuwa da yawa. Na manta sunayen mutanen da muka ci tuwo kwano ɗaya, na manta nawa na sayi jirgina na farko. Amma ranar da na shiga banki a Yelwa da wani baƙin dunƙule a aljihu yana warin kifi, da kwanakin da suka biyo bayanta, wannan kam sai dai a rufe ni da shi. Ko yanzu in na tuna, kunya ce take fara kama ni, daga baya godiya ta zo ta danne ta.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato ne, ba a yanki jihar Kebbi ba tukuna. Ina zaune a wata tunga ta masunta a bakin ruwa, ta wajen Ngaski, ni da mai ɗakina da yara uku, sai Inna, mahaifiyata. Ni masunci ne ɗan masunci, amma tun da sauran ƙuruciya na lura mai sayar da kifi ya fi mai kama shi ƙiba. Sai na koma tara bandar kifi a kwanduna, tamu da ta maƙwabta, ina kaiwa Yelwa. A can akwai fatake masu gangarowa ta ruwa daga wajen Nijar da Binin, wasunsu kuma ba su biya da naira, sai da sefa, kuɗin ƙasashensu. Takardar dubu ɗaya suke kira jaka, ga ta jaka biyar, ga ta jaka goma.

Da farko ina karɓa nake miƙa wa 'yan canji, ko ɗumin aljihuna ba ta ji. Daga baya na lura da wani abu. Jakar da na canza a wannan wata, in wata ya zagayo sai in ji ta ƙara daraja, ita kuwa naira kullum ramewa take kamar akuyar rani. Na ce a raina, kuɗin da ke haihuwa yana kwance, wane wawa ne zai tashe shi? Na fara ɓoye sefar, ba wanda ya sani, har mai ɗakina. A shekarun can riƙe kuɗin waje na iya ja wa mutum magana da hukuma, wannan ya zamar mini hujjar yin shiru. Gaskiyar magana kuwa, ba hukuma nake tsoro ba. Tsoro nake kada a san ina da shi a ce in kashe.

Abin kashewar kuwa yana nan zaune a tsakar gida. Inna ido ɗaya ya rage mata. Na hagu ya mutu tun da daɗewa, a hannun irin masu maganin idon nan da ke bin kasuwa-kasuwa, masu tura yanar ido da tsinken ƙarfe. Bayan ɗayansu ya yi mata ta ga gari kamar mako uku, sai ciwo ya taso, idon ya kumbura, ya shanye. Yanzu na daman ma yana ta fara rufe shi. Na kai ta asibitin Yelwa, ma'aikacin ya haska ya ce wannan mai gyaruwa ne, amma sai babban asibitin ido a Kaduna. Ya ja mini kunne da abu biyu: kada in bari ya daɗe, kada kuma in bar kowa ya taɓa shi. Ya ƙiyasta mini abin da za a kashe, har da mota da abinci.

Ranar da ya faɗi kuɗin nan, ina da su. Wannan ita ce maganar da na fi jin nauyin rubutawa. Ina da su cif, har da 'yar rara. Amma akwai wani injin jirgi da na sa wa ido, na kuma lissafa in sefa ta ci gaba da tashi, nan da 'yan watanni za ta yi mini aikin ido da inji gaba ɗaya. Sai na ce wa Inna ta ƙara haƙuri, ana haɗa kuɗi. Ta ce Allah ya hore. Watanni suka zo, sefa ta tashi, inji ma ya tashi, na ce bari dai ta ƙara kaɗan. Da haka damina biyu ta wuce.

A bakin ruwa takarda ba ta da abokan gaba kamar laima da gara. Wata rana na buɗe akwatina na tarar takarda ɗaya ta fara fumfuna, hankalina ya tashi. To mu a wajenmu, duk abin da kake so ya daɗe, saman banda ake rataye shi. Irin masara, igiyar taru, har goran da ba a fafe ba, hayaƙi ke tsare su daga ƙwari da ruɓa. Haka na tarar kakana yana yi. Sai na jera takardun nan na danne su, na yanko robar tayar keke na naɗe su tam, na ƙudundune a tsumma, na cusa a jinkar rumfar banda, daidai saman inda mai ɗakina ke hura wuta kullum. Har yaba wa kaina dabara na yi. Ban sake taɓa ƙullin ba sama da shekara, don kada a gan ni, kuma don kada zuciya ta raya mini in zare ɗaya. Kowace safiya dai in na wuce nakan ɗaga kai in gan shi, in ji sanyi a raina.

Abin ya zo ƙarshe wata safiya, da Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki buta ta tsoma shi a garwashi. Ba ta yi kuka ba. Bayan an shafa mata magani ta kira ni, ta ce ta ji labari mai tsinke ya dawo, yana zama kasuwar Yelwa. Ran kasuwa mai zuwa za ta je, akuyarta ta isa biyansa.

Na ce, "Haba Inna! Shi fa yak kashe maki gudan."

Ta ce, "Shi na. Amma ya nuna mani rana sati ukku. Kai mi kan nuna mani?"

Na san Inna. In ta faɗi magana da wannan sanyin murya, ko sarkin ruwa bai isa ya juya ta ba. Na jira mai ɗakina ta tafi ɗiban ruwa, na taka turmi na zaro ƙullin. Tsumman ya yi baƙi ƙirin, ya ƙandare. Na yage shi na duba ciki. Zafi ya narkar da robar ta bi gefen takardun ta shige tsakaninsu, hayaƙi da maiƙon kifi suka bi ta kai. Abin da ke hannuna ba kuɗi ba ne, wani baƙin curi ne mai tauri kamar sabulun salo. Na sa farce zan ɓamɓaro ta sama, ta yage. Na zauna a ƙasa nan cikin toka.

Washegari Litinin na shiga jirgi sai Yelwa, na nufi ɗan canjin da na saba da shi. Ya juya curin nan, ya kai hanci, ya tuntsire da dariya har yana kiran na kusa da shi su zo kallo.

"Wanga kuɗɗi na ko kilishi?" in ji shi.

Daga ƙarshe ya ce don mutunci zai ba ni kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na ce yana ciki, ko ya ci riba ko ya yi asara. Wannan ko kuɗin mota da abinci bai kai ba. Da na ƙi, ya ce to in kai banki mana, ai yanzu an ce an sassauta doka, suna sayen kuɗin waje. Da gatse ya faɗa. Ni kuwa da ba ni da sauran wurin zuwa, na ɗauka da gaske.

Ban taɓa shiga banki ba sai ranar. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ɗan sanda mai gadi, ina tunanin ko da na ciro abin nan za a ce in bi su. Na yi bisimilla na shiga layi. Kafin layi ya kawo kaina na ga na gabana da na bayana suna ja da baya, ana ta waige-waige ana neman inda wari ke fitowa. Da na isa gaban mai karɓar kuɗi, wata budurwa ce mai tsafta, na ɗora curin a kan teburin da ke gabanta. Ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ce, "Malam, kasuwar kifi tana can bakin ruwa." Mutane suka yi dariya. Ni kuma ina da zuciya, har yau ba ta gama barina ba. Na ɗaga murya na ce wannan gumina ne, ba sata na yi ba, kuma da warin kifin nan aka gina rabin garin nan. Ɗan sanda ya fara matsowa.

Sai wata ƙofa ta buɗe, wani mutum ya leƙo, baƙi, gajere, da farar riga da laktaye, ya ɗan manyanta. Daga baya na ji shi ne akanta, mutumin wajen Zuru ne, ana ma jin haka a Hausarsa. Ya yafuto ni, ya ce in shigo da kayana. Ya ba ni kujera, ya shimfiɗa farar takarda a tebur, ya ɗora curin a kai kamar wani abin daraja. Bai toshe hanci ba, wannan na lura da shi. Ya gwada da bakin wata 'yar wuƙar buɗe wasiƙa, da ya ji takardar na shirin yagewa ya janye hannu.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Banki na saye, amma reshensu ba ya biya sai Sakkwato ta gani ta yarda. Kuma ba za su karɓi curi ba. Sai an raba kowace takarda daban, lambobinta suna karantuwa. Jakar saƙonsu tana tafiya Sakkwato ran Alhamis, amsa kuma takan ɗauki mako biyu. Na ce mako biyu ya yi mini yawa, ran kasuwa za ta riga shi. Ya tambaye ni mene ne haɗin kuɗina da ran kasuwa, sai na kwashe labarin Inna na gaya masa. Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe kake da kuɗin nan?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Bar shi, ni ba alƙali ba ne. Je ka raba su, ka dawo Alhamis da safe."

Da na koma gida na ɓuya bayan rumbu da reza, na shiga aiki. Hannun da ya saba jan taru da tuƙa jirgi ina shi ina wannan? Kafin la'asar na sake yaga ɗaya. A nan mai ɗakina ta iske ni. Ta dubi curin, ta dubi jinkar rumfarta, ta dube ni, ba sai na yi mata bayani ba. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta ce, "Garin neman gira za ka rasa ido, kuma ba ma naka ba." Ta ƙara da cewa hannu ɗaya ta sani a tungar nan da zai iya wannan aiki, kuma na san ko na wane ne.

Na sani mana. Duk tungar, in taru ya cukurkuɗe har maza sun ce a yanke, wurin Inna ake kawo shi. Tun idonta na gani ba da ido take warwara ba, da 'yan yatsu take yi, tana hira. Amma kai mata curin nan yana nufin in faɗa da bakina abin da na yi. Na so in sami wata hanya, na juya na juya, babu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da safe na same ta a inuwar ɗakinta. Na durƙusa na sa mata curin a hannun da bai ƙone ba. Na fara kame-kame, wai wasu kuɗi ne na ɗan tara kwanan nan. Ta shafa shi ta ko'ina, ta murza gefensa, ta kai hanci ta shaƙa a hankali. Matar da ta yi shekara hamsin a bakin banda nake so in yi wa ƙarya a kan hayaƙi.

Ta ce, "Hayaƙin ga ba na bana ba na."

Na ce, "I, Inna."

"Ya sha damina. Kahin nan kuma yana wani wuri."

Na ce, "I, Inna." Na faɗa mata duka, har maganar inji. Da ta zage ni, ko ta ɗaga hannu ta mare ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana riƙe da curin a cinyarta, fuskarta na kallon wajen ruwa inda ba ta ganin komai. Can ta ce a kawo mata gashin kaza da kananzir kaɗan a murfi, a kuma ɗora ruwa a wuta.

Kwana biyu cur muka yi a kai, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Takan tsoma gashin kazar a kananzir ta bi gefen curin da shi, ta jira robar ta saki. Sai mai ɗakina ta riƙe mata shi a kan tururi kaɗan. Sannan ta sa wata siririyar ƙayar kifi da ta goge da kanta, ta nemo bakin takarda, ta bi ta a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Yatsunta biyu na ɗaure da tsumma saboda ƙunar, da sauran take yi. Wata takardar takan ci rabin sa'a. In ta fita sai ta miƙo ba tare da ta juyo ba, ni kuma in goge, in shimfiɗa tsakanin tabarmi biyu in danne da dutse. Aikina ke nan, ni mai wayon tara kuɗi. Duk tsawon kwana biyun nan ba ta ce mini komai ba sai "karɓi" da "ƙara ruwa". Ina zaune ina kallon yatsun nan, wallahi na gwammace ƙasa ta tsage in shige.

Ran Laraba da la'asar ta miƙo ta ƙarshe. Takarda saba'in da uku, ban da biyun da na yaga babu wadda ta yage, sai dai wasu gefensu ya ƙone sun yi baƙi. Na fara yi mata godiya ta katse ni. Ta ce ta yi ne don gumin halal ne, kuma akwai haƙƙin jikokinta a ciki. Amma maganar mai tsinke tana nan.

"Jiranka ya ƙare wurina," in ji ta. "Ka sai injinka."

Na roƙe ta ko rakiya ta yi mini zuwa Yelwa. Ta yarda nan take, har na yi murna, sai daga baya na gane dalili. Ƙanwarta tana aure a Yelwa kusa da kasuwa, ta ga ta sami jirgin da zai kai ta kusa da mai tsinke ke nan.

Alhamis da safe na zaunar da ita a benci ƙarƙashin wata bishiya a gaban banki, don ta ce ba ta shiga. Akanta ya baza takardun a tebur yana ɗaga su ɗaya-ɗaya wajen taga, yana rubuta lambobinsu. Ya tambaye ni wane gwani na samu. Na ce Inna ce, da hannu, ga ta can waje. Na kuma gaya masa aikin banza muka yi, domin ta rantse ba za ta jira ba. Ya gama rubutunsa, ya buga hatimi a rasit, bai ba ni ba. Ya tashi ya ce in kai shi wurinta.

Mutumin nan, da laktayensa da takalminsa mai ƙyalli, ya tsuguna a ƙasa gaban Inna, mutane na wucewa suna kallo. Ya gaishe ta kamar yadda ake gaida uwa. Ya kama hannunta ya sa mata rasit ɗin, ya ce wannan shaida ce kuɗin sun bar hannun ɗanta, suna hannunsa.

Ya ce, "Inna, ki ba ni kwana goma sha huɗu. Ni za ki ba, ba shi ba. Kada ki bari a taɓa idon nan kafin nan."

Inna ta juyo wajen muryarsa. Ta tambaye shi ɗan ina ne, ya faɗa mata. Ta tambaye shi ko uwarsa na da rai, ya ce ta rasu. Sai ta ce, "Kai ka taɓa ce ma uwarka ta jira?"

Ya ce, "Na taɓa, Inna. Shi ya sa na fito."

Ta ninke rasit ɗin ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce, "Na ba ka."

Ran kasuwa ta zo, na kasa zaune na kasa tsaye. Na yini a ƙofar gidan ƙanwar Inna kamar mai gadi, ina jin hayaniyar kasuwa, ina jiran in ga an fito da ita. Ba ta fito ba. Kasuwa ta biyu ma haka. Ni dai kullum ina hanyar banki, har budurwar nan da ta toshe hanci ta fara gaishe ni tana tambayar jikin Inna, ni ma na ba ta haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi.

Kwana goma sha huɗu suka cika, amsa ba ta zo ba. Na fito daga banki ina tunanin da wane baki zan sake ce wa Inna ta jira. Ashe ba ni zan faɗa ba. Da la'asar sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, akanta ne, ya tambayi kwatance ya zo da kansa. Ya tsuguna ya ce ya yi alkawari bai cika ba, laifin ba na kowa ba ne sai nasa da ya yanke rana. Ya aika a binciko masa, yana roƙon kwana uku. Inna ta ce, "Wanda yat tako da ƙahwa tai yac ce bai cika ba, ana ƙara mai. Tahi, na ƙara." Ta sa aka kawo masa ruwa ya sha.

Kwana biyu bayan nan amsa ta iso. Sakkwato ta karɓi sittin da biyu, ta mayar da goma sha ɗaya, ciki har da biyun da na yaga da hannuna. Farashin banki kuma bai kai na kasuwa ba. Da aka ƙirga mini nairar na ga duk ribar da na yi damina biyu ina gadi ta tafi, har ta taɓa uwar kuɗi, ga shi kuɗin mota da na asibiti sun hau. Maganar inji ko a mafarki. Sai da na sayar da taru ɗaya na cika. Amma ban taɓa riƙe kuɗin da suka yi mini daɗi a hannu kamar waɗannan ba. Na cika kwando da bandar giwan ruwa na kai wa akanta. Ya ƙi karɓa. Da na nace har na fara fushi, ya zari guda ɗaya, ya ce sauran in sayar in ƙara a guzuri.

A Kaduna likita ya duba idon ya girgiza kai. Ya ce yanar ta tsufa har ta fara yi wa idon lahani, da mun ƙara 'yan watanni da ba abin da zai iya. Ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba ya alkawari. Aka yi aiki, aka naɗe idon. Kwanakin da muka yi muna jiran a kwance naɗin nan, na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba tun da aka haife ni.

Ranar da aka kwance, ina tsaye a gefen gado. Aka goge mata ido, aka ɗora mata wani tabarau mai kauri. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta juya shi gaba da baya. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, har na fara tsoron ko ba ta gani ne. Sai ta miƙo hannu ta taɓa gemuna.

Ta ce, "Yaushe kay yi hurhura?"

Na fashe da kuka a gaban likita da masu jinya, ƙato da ni, mai 'ya'ya uku. Furfurar nan a gabanta ta fito, muna gida ɗaya, muna gaisawa kowace safiya, ba ta gani ba. Ta ja kaina ta ce in yi shiru, ai ga shi ta gani yanzu, a gode wa Allah.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya tana gani. Ba garau ba, likita ya ce jinkirin ya ci rabonsa, amma ta ga auren jikarta ta fari, ta ga hanyar masallaci da ƙafarta, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar nan ba ko sau ɗaya. Akanta kuwa an yi masa canjin wurin aiki ba da daɗewa ba, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba, ba abin da ya haɗa mu sai kujerar da ya ba ni, amma har gobe ina yi masa fatan alheri duk inda yake, shi da zuriyarsa.

Na ci gaba da kasuwanci bayan nan, na ci riba na yi asara kamar kowa, kuma ban ce ajiya laifi ba ce. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce bari kuɗi su ƙara tashi, ka waiwaya ka ga wa ke biyan kuɗin jiran. Ni na zaci kyauta nake jira, ashe da idon uwata nake biya. Allah ya rufa mini asiri ta hannun wadda na zalunta da baƙon da bai san ni ba, ba don wayona ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da shawara, yana da abin yi wa iyayensa wani abu amma yana jiran lokaci ya gyaru, amsata guda ce. Nakan ce masa ya tashi ya je yau, tun suna iya ganinsa.